Takardun zamanin basasa: me ya sa tsohuwar gafaka ke da daraja a Damargu?

Idan aka zo rabon gado a gidan malami ko na tsohon falke a Tanut, Belbeji, Gangara ko Olelewa, akwai abin da ba kasafai ake jayayya a kansa ba. Gona tana da masu so, raƙuma da shanu suna da masu so. Amma tsohuwar gafakar da ke rataye a bango, ko akwatin ƙarfen da ke lungun ɗaki cike da takardun da suka yi ja don tsufa, yawanci sai a miƙa wa wanda ya fi kowa karatu a gidan. Shi kuma ya zare Alƙur'ani da littattafan fiƙihu, ya mayar da sauran falle-fallen inda ya same su, gara da ɗanshi su ci gaba da aikinsu.

A cikin irin waɗannan falle-fallen ne masu binciken tarihi ke tsintar abin da manyan littattafai ba su faɗa ba: wasiƙar sarki yana neman dawaki, takardar amana da aka bai wa ayari, ko saƙon falke ga abokin cinikinsa cewa hanya ta ɓaci. Tsakanin 1893 da 1900 ƙasar Hausa da maƙwabtanta sun ga yaƙe-yaƙe a jere, kuma basasar Kano tana cikin waɗanda suka fi girgiza jama'a. An tattara takardun wannan zamani a Sakkwato, Kano, Kaduna, Yamai, Dakar da Faransa, an kuma rubuta littattafai da su. Sai dai mafi yawan abin da aka tattara ya fito ne daga fada ko daga bariki. Muryar mutanen hanya, irin mutanen Damargu da ayarin Kano ke ratsa ƙasarsu, ita ce ta yi ƙaranci.

Mece ce basasar Kano?

A ƙarshen shekarar 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu. A lokacin Kano tana ƙarƙashin daular Sakkwato, kuma Sarkin Musulmi ne ke da ta cewa a kan wanda zai hau gadon sarauta. Manyan Kano da dama sun karkata ga Yusufu, ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi. Amma Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake yi wa laƙabi da Ɗanyen Kasko, ya zaɓi Tukur ɗan Bello, wanda ya nuna jarumta a gabansa a yaƙin Argungu. Wazirin Sakkwato Muhammadu Buhari, da yake Kano a lokacin, shi ya naɗa Tukur bisa umarnin ubangidansa.

Yusufu da ƴan'uwansa suka fita daga birni suka kafa sansani a Takai. Ƙasa ta dare biyu, Tukurawa da Yusufawa, alhali shugabannin duka ɓangarorin jikokin Sarki Ibrahim Dabo ne, ƴaƴan wa da ƙane. Sarkin Musulmi ya rubuta wa sarakunan da ke kewaye da Kano yana umartarsu su kai wa Tukur gudunmawa, yawancinsu suka yi sanyin jiki. Yusufu ya rasu a 1894 bai ga ƙarshen yaƙin ba, ƙanensa Aliyu Babba ya karɓi tuta. A cikin wannan shekarar Yusufawa suka shiga Kano da ƙarfin tsiya, Tukur ya fice zuwa iyakar ƙasar Katsina. A watan Maris na 1895 aka ci shi da yaƙi a Tafashiya, ya rasa ransa. Sakkwato ta haƙura ta amince da Aliyu, wanda ya yi sarauta har Turawan Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903.

Yaƙin bai kai shekara biyu ba, amma ya bar tabo. An ƙone garuruwa, an kashe mutane saboda ɓangaren da suka bi, an kama ƴaƴa an sayar da su bayi. A lissafin Hijira, abin ya faru ne a shekarun 1311 da 1312.

Ina ruwan Damargu da rikicin Kano?

Daga Tanut zuwa Kano kusan kilomita 400 ne, amma a ƙarni na 19 cinikin ayari ya ɗaure su wuri ɗaya. Babbar hanyar da ta taso daga Tarabulus ta bi Gadamas da Gat, ta ratsa Abzin, ta sauko Damargu, ta wuce Zindar, ta ƙare a kasuwar Kurmi. Daga arewa ana kawo yadi, sukari, duwatsun ado da takardar rubutu. Daga kudu ana ɗaukar jan fata, hauren giwa da gashin jimina, wanda Damargu kanta ta shahara da shi. Ga kuma gero: Damargu ce rumbun Abzin, nan ayarin gishirin Bilma da Fashi ke samun hatsi. Bajamushen nan Heinrich Barth, da aka sani da Abdulkarim, a Taghelel ta Damargu ya rabu da ɗaya daga cikin abokan tafiyarsa biyu a watan Janairu na 1851, a ƙasar Annur, babban Abzinawan Kel Owi, kafin ya nufi Tasawa, Katsina da Kano.

Shekarar 1893 ta zo da abubuwa uku a lokaci guda. A gabas, Rabe ya ci Barno ya rushe Kukawa, cinikin hanyar Barno ya durƙushe, nauyi ya ƙara komawa hanyar Kano. A Zindar, Ahmadu Kuren Daga ɗan Tanimun ya hau sarautar Damagaram, da rundunar da ta gaji bindigogi da igwa tun zamanin mahaifinsa, kuma bayan basasa ya kai hare-hare har cikin ƙasar Kano. A Kano kuwa, kasuwar da kowa ke nufa ta faɗa cikin yaƙin gida. Madugun da ya sauke kaya a Damargu a wannan lokaci dole ya san wa ke riƙe da birni, wace ƙofa ke buɗe, wa za a kai wa gaisuwa, kafin ya ɗaura wa raƙumansa.

Damargu ma tana da nata rikicin cikin gida. Abzinawan Kel Owi, masu raƙuman da ke ɗaukar kayan fatake, sun daɗe suna takun-saƙa da Imuzurag, waɗanda ke zaune a Damargu suna karɓar kuɗin hanya daga ayari. Shugaban Imuzurag, Musa, ya yi ƙarfi a ƙarshen ƙarnin. Da Faransawa suka iso, suka ci Damagaram a Tirmini a watan Yuli na 1899, tawagar Foureau da Lamy kuma ta ratsa Damargu daga Agadas ta isa Zindar a watan Nuwamba, sai suka ɗauki ɓangaren masu ayari. A 1900 aka kashe Musa a yaƙin Tanamari. Faransawa suka kafa bariki a Jajiduna, daga baya aka mayar da shi Tanut.

Duk inda ayari ya bi, takarda ta bi. Sarakuna suna rubuta wa juna, fatake suna rubuta wa masu ba su kaya bashi, malaman da ke tafiya tare da ayari suna rubuta wa waɗanda ba su iya ba. Shi ya sa zuriyar malamai, madugai, sarakunan gari da manyan Abzinawa na gundumomin Tanut da Belbeji suke cikin waɗanda ya kamata su sake duba abin da suka gada.

Yaya takardar yaƙi ta wancan zamani take?

Ba ta kama da rahoton soja na yau. Yawanci falle ɗaya ce, da Larabci, da irin rubutun hannun da aka saba da shi a ƙasar Hausa da Barno. In ta sarki ce, hatiminsa yana sama. Sai basmala da salati, sai sunan mai aikowa da na wanda aka aika wa, sai gaisuwa, sa'an nan maganar da ta kawo ta cikin layi kaɗan. Ajami, wato Hausa da baƙaƙen Larabci, an fi samunsa a waƙoƙi da ƴan rubuce-rubucen gefe. Abzinawa kuma suna da nasu baƙaƙen Tifinag na gajerun saƙonni.

Abin da ake samu a ciki iri-iri ne. Akwai umarnin fita yaƙi da neman gudunmawar mutane, dawaki ko albarushi. Akwai busharar nasara, da uzurin wanda aka kira bai zo ba. Akwai takardar amana da ake bai wa gari ko ayari don kada a taɓa shi, da lissafin ganima, da takardar fansar wanda aka kama. Akwai kuma wasiƙun fatake, waɗanda ba don yaƙi aka rubuta su ba amma sukan fi na fada faɗin gaskiyar halin da ake ciki, domin falke ba ya yi wa abokin cinikinsa kirari. Farashin gero, tsadar raƙumin haya da kwanakin da ayari ya yi yana jira suna nuna nauyin yaƙi fiye da busharar sarki.

Abubuwa biyu ne ke wahalar da mai karanta su. Na farko, mafi yawansu ba su da kwanan wata. Ana gane lokacinsu ne daga sunaye da sarautu: wasiƙar da ta ambaci Tukur a matsayin sarkin Kano mai ci ta faɗa tsakanin ƙarshen 1893 da Maris na 1895, wadda ta ambaci Kuren Daga yana kan gado kuma tsakanin 1893 da 1899. Na biyu, sau da yawa ainihin maganar tana bakin manzo. Takarda shaida ce kawai cewa wane ne ya aiko shi, domin in ta faɗa hannun abokan gaba kada asiri ya tonu. Wannan ne ya sa labarin da tsofaffin gida ke bayarwa game da takarda yake zama rabinta na biyu.

Su wa suka tattara, kuma ina suka ajiye?

Tarin farko ganimar yaƙi ne. Da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, sun tarar da wasiƙu a gidan Waziri Buhari, domin Waziri ne ƙofar Kano da wasu masarautun gabas a fadar Sarkin Musulmi. Wani jami'insu, H. F. Backwell, ya buga fassarar wasu daga cikinsu a Legas a 1927. Sauran takardun gidan suka zauna a hannun zuriya. Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya adana su ya kuma buɗe wa masu bincike ƙofa, kuma da su Murray Last ya rubuta littafinsa a kan daular Sakkwato da ya fito a 1967. Adamu Mohammed Fika ya haɗa wasiƙu da hirar dattawa ya fitar da littafi a kan basasar kanta a 1978. A yau ana samun irin waɗannan takardu a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da Arewa House, da hukumomin tarihi da al'adu na Kano da Sakkwato.

A ɓangaren Nijar, Boubou Hama ne ya ɗora harsashi. Lokacin da yake shugaban majalisar dokoki ya tara rubuce-rubucen hannu daga sassan ƙasa da maƙwabta. Tarin nasa shi ne asalin sashen rubuce-rubucen Larabci da Ajami, wanda ake kira MARA, a cibiyar binciken IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai, inda ake da kimanin 4,000. A Yamai ɗin kuma akwai cibiyar CELHTO mai tattara tarihin baka. André Salifou, wanda jami'ar Zindar ke ɗauke da sunansa, ya fitar da littafinsa Le Damagaram ou Sultanat de Zinder au XIXe siècle a 1971. Ba'amurke Stephen Baier ya zauna da dattawan Zindar da Damargu a farkon shekarun 1970, ya buga tarihin tattalin arzikin yankin a 1980.

Sai kuma takardun Faransawa: littattafan tafiyar runduna, rahotannin kumandan, da bayanan da tafintoci suka ɗauko daga bakin mutane, kamar waɗanda tawagar Tilho ta tara tsakanin 1906 da 1909. Suna warwatse a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Yamai, da Dakar, da Aix-en-Provence, da ma'ajiyar sojan Faransa a Vincennes. Suna da kwanan wata, da adadin bindigogi, da sunayen rijiyoyi. Amma wanda ya ci yaƙi ne ya rubuta su. A idon kumandan, kuɗin da Imuzurag ke karɓa fashi ne. A idon Imuzurag, hakkin ƙasa ne da ladan tsaron hanya. Takarda ɗaya daga gidan da ya biya kuɗin, ko daga gidan da ya karɓa, za ta iya gyara shafi guda na tarihi.

Misalin abin da gida ɗaya zai iya bayarwa ya zo daga can ƙarshen hanyar. A farkon shekarun 1980 wani ɗan Gadamas, Bashir Qasim Yusha, ya buga tarin tsofaffin wasiƙun cinikin mutanen garinsu a Tarabulus. A ciki akwai saƙonnin da suka taso daga Kano, Gat da Tumbutu, da farashi da labarin hanya. Tun daga nan masu binciken cinikin Sahara suke komawa gare su.

Ta yaya ake gane ta asali?

Tsufan takarda kaɗai ba hujja ba ne. Hayaƙin ɗaki yana iya mayar da takardar shekara 40 kamar ta shekara 140. Masana sukan duba abubuwa huɗu.

Na farko, ita kanta takardar. Mafi yawan wadda aka yi rubutu a kanta a ƙarni na 19 daga Italiya take, ta biyo Tarabulus a bayan raƙumi. In aka ɗaga ta a haske ana ganin siraran layuka a cikin jikinta, da alamar masana'anta: jinjirin wata uku a jere, ko fuskar wata a cikin garkuwa, wani lokaci da sunan Andrea Galvani na garin Pordenone. Takardar kaye mai layi-layi ko mai ƴan ɗakuna ta zamanin lakkwal ce. Sai dai an ci gaba da sayar da mai alamar wata har cikin ƙarni na 20, saboda haka alamar ita kaɗai ba ta yanke hukunci.

Na biyu, tawada da alƙalami. Tawadar gargajiya ta gawayi ko ta bagaruwa ce da ƙaro, baƙa ko mai ruwan ƙasa, kuma alƙalamin kara yana barin layi mai kauri da siriri. Shuɗin bik ba shi da wuri a nan.

Na uku, hatimi da salon magana. Ana gwada hatimin da na wasu wasiƙun sarkin da aka riga aka tabbatar. Ana kuma duba ko sarautun da aka ambata sun dace da juna a lokaci guda. Wasiƙar da ta haɗa sarakuna biyu da ba su yi zamani tare ba ta tona kanta.

Na huɗu, kuma mafi nauyi, silsilar hannu: wa ya riƙe ta, daga wa ya karɓa, a wane gari, me ya haɗa gidan da mai aikowa. Malamai sun san wannan tun a ilmin hadisi, inda ake duba masu ruwaya kafin a karɓi magana.

A nan akwai abin lura. Kwafi ba jabu ba ne. Malamai sun saba sake rubuta takardar da ta tsufa don kada ta ɓace, kuma kwafin da aka yi a zamanin kumandan yana iya ɗauke da maganar 1894 daidai. Yana da amfani matuƙar an faɗi cewa kwafi ne. Jabu shi ne wanda aka ƙirƙira don neman kuɗi, ko don ƙarfafa da'awar sarauta, gona ko rijiya.

Kasuwa da doka

A wasu ƙasashe tara takardun yaƙi sana'a ce. A Amurka, wasiƙun sojojin yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865, da takardun umarni da na sallama, ana gwanjonsu kamar kayan ado. Gwamnatinsu ta buga rahotannin rundunonin ɓangarorin biyu cikin littattafai 128 tsakanin 1880 da 1901, saboda haka ko an sayar da ta asali, maganar da yawa daga cikinsu tana nan. Duk da haka kasuwar ta jawo jabu da sata. A 2007 an ɗaure wani mai koyon aiki a ma'ajiyar tarihin ƙasar da ke Filadalfiya saboda ya kwashe takardu 164 na wannan yaƙi yana sayarwa a eBay.

A ƙasar Hausa da Abzin babu irin waɗancan littattafai 128. Yawancin takardu tilo ne. In dillali ya miƙa ƴan jikkuna ya tafi da ita, abu biyu ne suka tafi: takardar, da sanin inda ta fito. Wasiƙa marar kwanan wata da aka raba da gidanta ta zama kamar shaidar da ba a san sunansa ba a gaban alƙali. Dawo da abin da ya fita kuwa aiki ne na tsara da tsara. Littattafan gidan Shehu Umaru Tal da sojan Faransa Archinard ya kwashe a Segu a 1890, fiye da kundi 500, suna babban ɗakin karatu na ƙasa a birnin Paris. Takobin da ake dangantawa da Shehun sai a watan Nuwamba na 2019 aka miƙa shi ga Senegal.

Nijar tana da doka a kan wannan. Doka mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yuni 1997, wadda ta shafi kariya da adana kayan tarihi da al'adun ƙasa, ta hana fitar da irin waɗannan kaya waje ba tare da izinin hukuma ba. A matakin duniya kuma akwai yarjejeniyar UNESCO ta 1970 mai yaƙi da fataucinsu ta ɓarauniyar hanya.

Tattarawa a yau ba ta nufin a raba mutum da gadonsa. Tsarin da ya fi karɓuwa shi ne a ɗauki hoto, a rubuta bayani, a bar ta asali a hannun mai ita. Shirin ceto takardun da ke cikin haɗari na babban ɗakin karatun Ingila, wanda ya fara a 2004, a kan wannan sharaɗi yake aiki: takardu ba sa barin ƙasarsu. Tara komai a gini ɗaya ma yana da nasa haɗarin. A watan Janairu na 2013 an ƙone ko an sace kimanin rubuce-rubuce 4,000 a cibiyar Ahmed Baba ta Tumbutu, yayin da dubbai masu yawa suka tsira saboda iyalai sun ɓoye su ko sun kai su Bamako.

Yadda ake adana su a gida

Babban abokin gabar takarda a Damargu ba ɓarawo ba ne. Ruwa ne, da gara, da ɓera, da kyakkyawar niyya marar sani. A watan Satumba na 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Zindar da aka gina a tsakiyar ƙarni na 19. Abin da ya kayar da wannan gini ba zai bar akwatin da ke ƙasa a ɗakin laka ba. Rigakafi ya fi magani, kuma mafi yawansa ba ya bukatar kuɗi.

A ɗora akwati a kan katako ko duwatsu, nesa da bango da inda rufi ke yoyo. A naɗe takardu cikin farin ƙyalle mai tsabta, ba cikin leda ba, domin leda tana riƙe gumi. Busasshen ganyen dogon yaro a kusurwar akwati yana taimakawa wajen korar ƙwari, amma kada ya taɓa rubutun. A buɗe a duba kafin damina da bayanta, a inuwa, da busassun hannuwa.

Kada a liƙa wadda ta yage da gam ko abin liƙi na roba. Kada a rufe ta da roba a na'ura kamar yadda ake yi wa takardar haihuwa, domin zafin na'urar da gam ɗinta suna cin tawada, kuma ba a iya warwarewa. Kada a yi rubutu a jikinta, ko da suna ne. Kada a sauya jerin da aka same su, domin takardar da ke kusa da wata takan bayyana lokacinta. Layar da aka ɗinke cikin fata kuma a bar ta yadda take.

Salula ta isa a fara aiki. A shimfiɗa takarda a kan baƙin ƙyalle a hasken rana marar zafi, a ɗauki gaba da baya, da hatimi daga kusa, da hoto ɗaya a gaban haske don alamar masana'anta ta fito. A ajiye hotunan a wuri fiye da ɗaya. A wata takarda dabam a rubuta sunan wanda ya bari, garin da ya zauna, da abin da aka ji game da ita. Sa'an nan a ɗauki muryar dattijo ko tsohuwar da ta san labarin, tare da malamin da zai karanta Larabcin ya fassara. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma masu ita suna raguwa kowace shekara.

Game da gado, raba takardu falle-falle tsakanin magada yana kashe tarin. Mafita ita ce a bar su dunƙule a hannun mutum ɗaya da kowa ya yarda da shi, kamar wakafin gida, kowa ya samu hotuna. Mai son ƙarin haske yana iya tuntuɓar malaman tarihi a Jami'ar André Salifou, ko sashen MARA a Yamai, ya kuma nemi a rubuta yarjejeniya kafin ya ba da aron komai.

Abin da takarda ke iya tonowa

Akwai dalilin da ya sa wasu gidaje ba sa son a buɗe gafaka. Takardun yaƙi suna ɗauke da sunaye: wanda ya gudu, wanda ya ci amana, wanda aka kama, wanda aka sayar, da wanda ya saya. Jikokin waɗannan duka suna zaune a gari ɗaya, suna cin kasuwa ɗaya, wasu ma sun yi auratayya. Nijar ta mayar da bauta laifi a dokar hukunta laifuka tun 2003, amma gorin asali bai mutu ba. Ɗora hoton irin wannan takarda a Facebook ko WhatsApp ba tare da tunani ba yana iya tayar da abin da ya kwanta shekara 130.

Wannan ba hujjar ƙonewa ko ɓoyewa har abada ba ce. Ma'ajiyun tarihi suna da hanyar da suke bi: a adana komai, mai takarda ya faɗi abin da ya yarda a nuna wa jama'a da abin da sai mai bincike kaɗai zai gani, a sakaya sunaye inda ya kamata. Haka kuma takarda ɗaya ba ta isa a yanke wa wani gida hukunci ba. Mai rubuta ta yana da ɓangare, yana da tsoro, yana da wanda yake son ya faranta wa.

Basasar Kano ta samu masu rubuta tarihinta ne saboda gidan Waziri bai zubar da takardunsa ba, kuma wani daga cikin jikoki ya san darajarsu. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, cinikin ayarin Tarabulus ya mutu a hankali, gidajen da suka rayu da shi suka koma noma, kiwo da wasu sana'o'i. Abin da ya rage na wancan zamani a Tanut da Belbeji yana cikin rijiyoyi, da sunayen zango, da bakin tsofaffi, da abin da gara ta bari a gafaka. Lokacin sauko da ita shi ne yanzu, kafin damina, tun mai ba da labarinta yana da rai.